Kaskar Gidan Tasha

*Daga Auta zuwa ga Yaya*

Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya baƙunta? Ina fata kana cin abinci, don na san halinka, in ka sa kai a littafi sai ka manta kana da ciki. Inna ta aiko cewa ƙafarta ta yi sauƙi, har tana fita ba sanda. Maigidana yana gaishe ka.

Ka ce in ba ka labarin sabuwar tashar da aka mayar da mu. Ba wani dogon labari ba ne. Layin dogo ne ya ratsa tsakanin duwatsu, sai ofis, sai ɗakin jira mai dogayen bencina, sai tankin ruwa, sai gidajen ma'aikata a jere a baya. Jirgin kaya ne kaɗai ke tsayawa, kuma direbansa ne zai kai mini wannan takarda gidan waya. Jirgin fasinja mai sauri kuwa wucewa yake kamar mun yi masa laifi. Maigidana ya tsaya a dakali cikin kakinsa ya ɗaga masa koriyar tuta, ni kuma in ruga in riƙe shanyata kada iskarsa ta kwashe.

Gidanmu tsohon ginin dutse ne, ya daɗe ba kowa a ciki kafin mu zo. Yana da fili da sanyi, sai dai bangon duk ya tsattsage, ɓeraye kuma sun riga mu tarewa. Suna da ramuka a gindin bango, suna da sheƙa a cikin rufi. Ni ce ma baƙuwarsu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina da juna biyu, na shiga wata na biyar. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ka san yadda na farkon ya ƙare, ba na son ta sake sa rai.

Tun watan da muka zo maigidana ke fama da wani zazzaɓi mai ɗaure kai. Lokaci ɗaya yake rufe shi: rawar sanyi, ciwon kai kamar ana sara, gaɓoɓi duk su yi tsami. Sai ya yi kwana uku ko huɗu, sannan gumi ya karyo masa har katifa ta jiƙe, ya miƙe garau. Mu yi ta murna, mu ce maganin zazzaɓin sauro ya yi aiki. Bayan kamar mako guda sai abin ya dawo. Ranar da ya ji ƙarfi ya je asibitin babban gari, aka ɗebi jininsa, aka ce ba a ga komai ba.

Makon jiya ni ma ya kwantar da ni. Na tashi, amma tsoro bai sake ni ba, don maƙwabciyata, matar mai gyaran layi, ta ce irin wannan zazzaɓin ta yi bara cikinta ya zube.

Abin mamaki, nan ba wani sauro sosai, kuma a cikin gidan sauro muke kwana. Sai dai wani lokaci na kan tashi da safe in ga ɗan tabo a ƙafa ko a baya, ba zafi, ban kuma ji abin da ya cije ni ba. Na san kai likitan shanu ne, ni kuwa ba saniya ba ce, amma duk dangi ba ni da wani likita sai kai.

Ƙanwarka,
Auta

*Daga Yaya zuwa ga Auta*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Na yi murna da albishir, Allah ya raba lafiya. A tsaye nake rubutun nan, motar da za ta kai mu aikin daji tana jira, direba sai danna hon yake yi.

Ba sauro ba ne. Na san abin da ke cin ki, kuma a ɗakin nan yake kwana tare da ke. Ki bar gidan nan. Ranar da takardar nan ta same ki kada ki ƙara kwana a ciki, kada ki tsaya sauraron lallashin kowa. Tun da kika kwatanta mini wurin hankalina ya tashi. Cikakken bayani zai biyo baya da zarar na sami wurin zama.

Yayanki

*Daga mijin Auta zuwa ga Yaya*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, aikin daji kuma ya yi kyau. Ni jikina da sauƙi a yanzu. Ban taɓa rubuta maka takarda ba, kuma ban so ta farkon ta zama irin wannan ba.

Saƙonka ya iso. Ni na karɓa daga hannun direba, na kai mata ban buɗe ba. Ta karanta, ta sake karantawa, ta miƙo mini, ta juya fuska bango.

Ɗakin nan mu biyu ne ke kwana a cikinsa, ita da ni, saboda haka ban sha wahalar gane wanda kake nufi ba. Na tuna lokacin neman aurenta ka ce ba ka son a kai ta inda ba asibiti ba kasuwa. Kai ne ka laƙaba mini Mai Tuta, kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ban ɗauka abin ya yi zurfi haka a ranka ba. Gaskiya ne ban ajiye ta a gidan bene ba, amma ban taɓa barin ta ta ɗauki bokitin ruwa ba tun da ta sami cikin nan, ban kuma taɓa ɗaga mata murya ba. In ta rubuta maka wani abu da ban sani ba, ina roƙo ka gaya mini in gyara.

Na ce mata in tana son bin maganar yayanta, ni zan sa ta a jirgi da hannuna, ba zan riƙe ta da komai ba. Ta ce ba inda za ta. Ta ce ko a kan layin dogo na shimfiɗa tabarma, nan za ta kwana. Tana nan a ɗakinta.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Zazzaɓin ya sake kwantar da ita. Ya tafi, amma ya bar ta ba ƙarfi, farin idonta ya ɗan yi rawaya, abinci sai an yi da gaske. Bayanin da ka ce zai biyo baya bai zo ba. Ruwa ya ci wata gada a ƙasa da mu, jirage sun daina zuwa, wannan takarda ma mai gyaran layi zan ba, in ya sami hanyar tsallakawa ya kai ta gidan waya.

Naka mai biyayya,
Mijin Auta

Yaya, ka ba ni kunya a gaban mijina. Ban da abin da zan ƙara. Auta.

*Daga Yaya zuwa ga mijin Auta*

Ƙanina,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Auta, Allah ya ƙara muku sauƙi. Na dawo daga daji lafiya, na tarar da takardarka, na karanta a bakin ƙofa. Gidan dutse nake nufi, ba gidan aure ba. Na uku da ke kwana tare da ku nake nufi, kuma ba mutum ba ne, kaska ce. Na rubuta muku dogon bayani tun daga daji, ashe yana can gidan waya yana jiran gada. Gaggawa ta sa na yi magana guntu-guntu. Ka yi haƙuri, ka kuma ba Auta haƙuri. Yanzu ka natsu ka karanta, don lokaci ya fi ban haƙuri tsada.

Ba irin kaskar da ka sani a kunnen saniya ba ce, mai liƙewa kwana da kwanaki. Wannan mai laushi ce, launin ƙasa, bayanta a yamutse, babbarta ba ta kai ƙwayar wake ba. A ramin ɓera take zama, da tsagar bango. In mutum ya yi barci sai ta fito ta sha jini cikin ɗan lokaci ta koma, ba a jin cizonta. In gado ya jingina da bango, ko katifa tana ƙasa, gidan sauro ba ya hana ta. Tana iya shekaru ba ta ci komai ba, shi ya sa gidan da ya daɗe ba kowa ya fi ba ni tsoro. Ita ce na zo nan nake karatu a kanta, ita na je nema a daji, shi ya sa ina karanta takardar Auta na gane ta.

A cikin yawunta akwai wata ƙwayar cuta siririya, a murɗe kamar zare. In ta shiga jini sai jiki ya tashi yaƙi, shi ne zazzaɓin. Jiki ya kusa gamawa da ita sai ragowar su sauya riga, jiki ya kasa gane su, su sake yawa, zazzaɓi ya dawo. Maganin zazzaɓin sauro bai taɓa yi muku komai ba, lokacin tafiyarsa ne kawai yake yi. Kuma ba a ganin ta a jini sai lokacin da jiki ke zafi. Kai ranar da ka ji ƙarfi ka je asibiti, shi ya sa ba su ga komai ba. Ba laifinsu ba ne.

Ga abin da za ku yi. Ku fita daga gidan yau. Kada ku ɗauki katifa, ku kwana a kan abin da ba ya taɓa bango. In kana son shaida, ka kankare tsagar bango da bakin ramin ɓera da wuƙa, ka tankaɗe ƙurar a kan farin ƙyalle a rana, ka jira. Abin da ya motsa ka ɗauka da cokali ka sa a kwalba, kada ka taɓa da hannu.

Auta kuwa asibiti za ta. In zazzaɓi ya riga ku, kada ka jira ya sauka, da zafinsa za ka kai ta a ɗebi jini. Ka ce wa likita a duba zazzaɓin kaska mai tafiya ya dawo. Yana da magani, kuma yana ji. Amma kafson da za a ba ka bai dace da mai ciki ba, ita allura za a yi mata. Kada ka yarda a yi a gida ko a ɗakin mai sayar da magani. In magani ya fara kashe ƙwayoyin, jiki kan rikice na wasu sa'o'i fiye da ciwon kansa, dole a yi a gaban likita.

Ciwon nan yana zubar da ciki, yana kuma iya tafiya da uwar. Ban faɗa don in tsorata ka ba. Na faɗa ne don na san a hannun wanda take. Da ban yarda da kai ba, da ba takarda zan aiko ba, da kaina zan zo.

Yayanku

*Daga Yaya zuwa gare su duka biyu*

Auta da maigidanta,

Gaisuwa. Ni lafiya lau, sai dai rashin jin ku. An ce an gyara gada, jirage sun koma aiki, amma shiru. Kullum sai na bi ta gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ban sani ba ko takardata ta same ku, ko ta same ku kuna fushi ba ku buɗe ba, ko kuwa abin da ba na son in rubuta ne ya faru.

In fushi ne, ku ci gaba da yi, ban damu ba, amma ku yi shi a wajen gidan nan. Ku aiko mini ko da layi ɗaya ne. In makon nan ya ƙare ban ji komai ba zan ajiye karatun in taho.

Yayanku

*Daga Auta zuwa ga Yaya*

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Kada ka ajiye karatu. Ina raye, maigidana yana raye, wanda ke cikina kuma yanzun nan ya shure ni a haƙarƙari, ina jin gaisuwarsa ke nan. Daga gadon asibiti nake rubutu. Ka yafe mini layin da na sa a ƙasan waccan takardar.

Takardunka biyu, ta daji da ta baya, rana ɗaya suka iso a jirgin farko da ya haye sabuwar gada. Maigidana ya karanta a tsaye a dakali, ya shigo yana dariya hawaye na zuba, ya ce ashe da kaska yake kishi. Nan take ya ɗauko wuƙa da rariyata da farin zanen gado. Ya kankare bangon da ke kan gadonmu, ya tankaɗe a rana, muka tsuguna muna kallon ƙura. Da farko ba komai. Can sai wani ɗan tsakuwa ya fitar da ƙafafu ya fara tafiya. Sai wani, sai wani. Yaya, tsigar jikina har yanzu tashi take in na tuna a nan na ɗora kaina wata da watanni.

A ranar muka koma ɗakin jira. Ya haɗa bencina biyu a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, ya shimfiɗa mini barguna da aka wanke da ruwan zafi. Muka shirya za mu bi jirgin kaya na gaba zuwa asibiti. Amma ciwon bai jira jirgin kaya ba. Washegari da hantsi ya rufe ni, ya haɗo da ciwon mara, na kuma ga ɗan jini. Jirgin kaya sai bayan kwana biyu. Mota ba ta zuwa tashar. Abin da zai wuce a ranar jirgi mai sauri ne kawai, wanda bai taɓa tsayawa a wurinmu ba.

Ka san dokar aikinsu, ba a tsayar da shi sai in akwai haɗari a kan layi, wanda ya yi kuwa aikinsa ya jingina. Ina kwance ina kallonsa ta taga. Ya sa kakinsa, ya ɓalla maɓalli har wuya, ya je ya mayar da sigina ta nesa ja don direba ya sami filin taka birki. Sannan ya ajiye koriyar tuta ya ɗauki ja, ya tsaya a ƙarshen dakali. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe kamar duwatsun za su tsage, jirgin ya yi ta ja har ya tsaya daidai ƙofar ɗakin jira.

Direban ya sauko yana faɗa, yana tambayar ina haɗarin yake. Maigidana bai ɗaga murya ba.

"Matata ce, ciki wata bakwai," ya ce. "Ka rubuta cewa ni na tsayar da kai."

Direban ya leƙo ya gan ni, shi ya kama gefen bargon da aka ɗauke ni a ciki. Mataimakin maigidana ya karɓi tasha. A tarago mutane suka tashi suka bar mini kujera, wata dattijuwa da ban sani ba ta ɗora kaina a cinyarta tana shafa mini ruwa har muka iso.

Likitar da ta karɓe mu doguwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Maigidana ya ajiye mata kwalbar a kan tebur ya faɗi abin da ka ce. Ta ɗaga kwalbar ta duba a haske, ta ce ta taɓa ganin ciwon sau ɗaya tana ɗaliba, kuma an yi sa'a da aka kawo ni da zafin. Nan da nan aka tsaga mini yatsa aka ɗiga jini a gilashi. Ba a daɗe ba ta aiko a kira maigidana ya duba da idonsa a madubin duba jini. Ya ce ya ga ƙwayoyin jini kewayayyu, a tsakaninsu kuma ga siraran zaruruwa a murɗe birjik. Ya ce tunda yake bai taɓa jin daɗin ganin abokin gaba ba sai ranar.

Da an yi mini allurar ba ka gaya mana abin da zai biyo ba, da na ce kashe ni suka yi. Rawar sanyi ta kama ni har gadon ƙarfen yana ƙara. Daga nan zafi, daga nan gumi, sai na ji ina nutsewa kamar a rijiya. Aka ɗaura mini ruwa a hannu biyu. Likitar ba ta bar gefen gadon ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cikin ya yi tsit, ba motsi. Ungozoma ta yi ta ɗora abin saurare tana matsar da shi, ba ta kallon idona. Ban san tsawon lokacin ba. Da yamma ta yi, jikina ya lafa, ina kallon rufi, sai na ji ɗan bugu a ƙasan cibiya. Na kama hannun ungozoma na ɗora a wurin. Ya sake bugawa, da ƙarfi wannan karon. Ta ce, "To, mai gidan ya farka." Duk ɗakin mata aka ɗauki dariya, ni kuwa kuka nake.

Jinin ya tsaya. Makon da zazzaɓin ya saba dawowa ya zo ya wuce, ba komai. Maigidana ma an ba shi kafsonsa, ya sha tasa rawar sanyin a ɗakin maza, ya tashi. Abin da ya rage mana takardar tuhuma ce da aka aiko masa daga babban ofis kan tsayar da jirgi. Ya ce ko korar ce ba ya nadama. Ni dai ina addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

*Daga Yaya zuwa gare su duka biyu*

Auta, ƙanina,

Alhamdu lillahi. Lafiyata ƙalau, yau ma ta fi ta kullum. A cikin gidan waya na buɗe takardar, ban san na yi sujada a kan simintinsu ba sai da na ga mutane sun ba ni wuri. Ma'aikacin nan mai girgiza kai ya zagayo ya rungume ni bai san dalili ba.

Ƙanina, ban da kalmar da zan gode maka da ita. Game da tuhuma, kada ka je ka tsaya a gabansu kamar mai laifi. Ka roƙi likita ta rubuta abin da ta gani, ka tafi da kwalbarka. Ka gaya musu ba gidanka kaɗai ba ne, duk gidajen da ke jere da naku ginin zamani ɗaya ne, ɓeran da ke nan shi ke can. Ma'aikatansu ne ke kwanciya wata-wata. Abin da ake bukata ba mai yawa ba ne: a fitar da mutane, a yi feshi, a kori ɓeraye, a toshe ramuka, a shafe bango da daɓe da siminti, a gwada jinin duk mai zazzaɓi da zafinsa. A kori ɓeraye kaɗai ba feshi kuskure ne, don kaskar in ta rasa su kanku za ta dawo.

Auta, ki nemi maƙwabciyarki ki gaya mata. Ta san cewa abin da ya same ta bara yana da suna, yana da magani, ba daga jikinta ba ne.

In da saura a kwalbar, ku zuba musu sifirit don kada su ruɓe, ku aiko mini. Malaminmu ya ce bai taɓa samun su daga yankinku ba. Na zagaye daji ina nema, ashe suna kan gadon ƙanwata.

Yayanku

*Daga Auta zuwa ga Yaya*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka saba da sabon sunan tun yanzu. Muna lafiya dukanmu, mu uku. Inna ma tana nan wurinmu, ta zo da ƙafarta, ta yi mini faɗan ɓoye mata, ta gama, ta karɓe ragamar gida.

Bari in fara da tuhuma. Ya je gaban kwamiti da takardar likita da kwalba. Ya ce manyan sun yi ta miƙa wa juna kwalbar, wani cikinsu ya tambaya ko gidajen sauran tashoshin ma haka suke. Direban jirgi mai sauri ya zo da kansa ba a kira shi ba, ya ce da maigidana bai ɗaga jar tuta ba ranar, da shi ne zai kai ƙararsa. Aka rubuta masa gargaɗi na layi biyu don doka ta cika, sannan aka ɗora masa aikin duba gidajen ma'aikata na duk layin.

Likitar ta zo tasharmu da kanta a jirgin kaya, da madubinta a akwati. Ta kafa tebur a ɗakin jira. Aka sami ciwon a jinin mai gyaran layi da 'yarsa da mai kula da tanki, duk an yi musu magani a gabanta, duk sun tashi. Da na gaya wa maƙwabciyata saƙonka, sai ta fayyace mini abin da ke ranta. Ashe tun bara dangin mijinta ke cewa mahaifarta ce ba ta riƙe ciki, ita ma ta yarda. Ranar da magina suka zo ita ta fi kowa ɗibar yashi. Ta ce tsagar ɗakinta ba wanda zai toshe sai ita.

Gidan yanzu ba za ka gane shi ba. An yi feshi, an shafe bango sumul, an yi daɓen siminti, an sauya rufi. Mun sami kyanwa mai ƙafa fari, tana ganin kanta kamar ita ce shugabar tasha. Mun ja gado tsakiyar ɗaki duk da haka. Tun da muka koma gidan ba wanda ciwo ya kwantar a jerin gidajen nan. Matan tashar gaba sun fara aiko mini in zo in nuna musu yadda ake tankaɗe ƙura a farin ƙyalle, na ce su bari in yi arba'in.

Naƙuda ta zo a kan lokacinta, a asibiti, ungozomar nan ce ma ta karɓa. Mace ce. Ta cika hannu, ga gashi, ga murya. Likita ta duba jininta ta ce tsaf yake. Ubanta da aka miƙa masa ita sai juya ta yake a hankali kamar an ba shi ƙwai. Inna ta ce goshinka ne, maigidana ya ce Allah ya sawwaƙe, goshinsa ne, har yanzu ba a raba gardamar ba.

Na so in aiko maka da hoto, amma mai hoto ba ya zuwa nan. Saboda haka ka duba ƙasan takardar. Mun shafa mata tawadar hatimin ofis a tafin ƙafa, ubanta ya riƙe takarda, Inna tana ta faɗa za mu ɓata mata jika. Ta shure sau biyu kafin ta yarda. Ka ƙirga yatsun da kanka, duk suna nan.

Ƙanwarka,
Auta